Sabon Tanki da Tsohuwar Hula

Mu biyar ne abin ya shafa. Akwai mahaifina, wanda muke kira Baba. Direba ne kafin ciwo ya kwantar da shi. Akwai mahaifiyata, Inna. Akwai ƙanen Inna, Kawu, wanda ya yi shekara goma sha ɗaya yana bin Baba a mota kafin ya gaji hawashar mahaifinsu, wato gonar da ake yanka wa manomi a cikin noman rani. Akwai Gwaggo, yayar Baba uwa ɗaya uba ɗaya, wadda ta goye shi bayan rasuwar mahaifiyarsu. Aure ya kai ta wani ƙauye kudu da Mai Wurno, a bakin kogi. Sai ni, namiji tilo a gidan, wanda aka tura jami'a ya karanto aikin injiniya.

Ta shida ita ce motar.

Motar jeji ce mai ja da ƙafa huɗu, gajeriya, mai faɗin goshi, kuma ta girme ni da shekaru masu yawa. Baba ya saye ta a gwanjo lokacin da aka sallami tsofaffin motocin malaman gona, ina ɗan makarantar allo. Ƙauyenmu yana yamma da garin Wad Haddad, can kudu da Hartum, a tsakanin magudanan ruwa, a kan baƙar ƙasar da ke tsagewa da rani har ƙafar akuya ta faɗa ciki, da damina kuma ta zama danƙo. Daga saukar ruwan fari zuwa kaka, babu mai taya da ke shiga garinmu sai tarakta, sai kuma motar Baba. Ita ta kai masu naƙuda asibiti, ita ta kai waɗanda maciji ya sara, ita ta kawo iri da taki, kuma ita ta dawo da waɗanda asibiti bai yi musu rana ba.

Baba yana da ɗabi'u biyu game da man motarsa, kuma duk garin ya san su. Ta farko, ba ya zuba fetur a tanki sai ta cikin wata tsohuwar jar dara, hular mahaifinsa, wadda aka ce da ita tsohon ya iso ƙasar nan yana saurayi. Yakan kifa ta a cikin mazurari, ya zuba man a hankali, idan ya gama ya kakkaɓe ta sau uku, ya naɗe ta a gwangwani. Ta biyu, kowace safiya kafin ya tayar da inji, yakan kwanta a ƙarƙashin motar ya kwance wata ƙusa a gindin tanki, ya bar ɗan kaɗan ya tsiyaya a ƙasa, sannan ya ɗaure. In aka tambaye shi dalili, sai ya ce, "Kowane mai rai yana fitsarin safe." In aka tambaye shi zancen hular kuwa, sai ya yi murmushi ya ce, "Albarkar tsoho ce." Baba ba mutum ne mai bayani ba. Abin da ya yarda da shi shi ne ka tsaya kusa ka buɗe ido, ni kuwa a shekarun nan idona yana kan littafi.

Ina aji biyu a sakandare ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Maganarsa ta tafi tare da hannun. Kalma biyu kawai suka rage masa, "Allah" da "to". Aka tura motar ƙarƙashin darbejiyar ƙofar gida, aka ɗora ta a kan tubala, ta yi shekara tara a nan. Kaji suka yi ƙwai a kujerarta.

A shekarun nan ne Gwaggo ta makance, gwiwoyinta kuma suka daina ɗaukar ta. Da farko kaset take aiko masa, ta cika shi da gaisuwa da faɗa da labarin wanda ya haihu da wanda ya rasu, mu kunna masa yana saurare. Da wayar hannu ta iso ƙauye sai muka riƙa kanga masa a kunne, ita ta yi ta magana, shi ya yi ta cewa "to". Ranar da na dawo gida da takardar gama jami'a, aka kira ta don a yi mata albishir. Ta sa mini albarka, sannan ta ce:

"Ɗan nan, saurara. Ni ba ni gani, shi ba ya magana. Wannan abin da kuke kanga mana ba ya haɗa mu. Ku kawo mini shi in shafa fuskarsa da hannuna, kafin ɗayanmu ya riga ɗaya."

Kawu ya ce abin mai sauƙi ne: rani ne, hanya a bushe take, a ɗauki hayar akori-kura a shimfiɗa katifa a baya, a je a dawo kwana biyu. Aka gaya wa Baba. Ya girgiza kai, ya ɗaga hannun hagu ya nuna ƙofar gida, inda darbejiya take. Aka sake gaya masa, ya sake nunawa. Mutumin da ya yi shekaru yana ɗaukar marasa lafiyan gari bai yarda a loda shi a bayan motar wani kamar buhun dawa ba. Ni kuwa abin ya zo daidai da abin da ke raina. Na durƙusa a gaban gadonsa na ce, "Baba, a motarka za ka je. Ni zan tayar da ita." Ya dube ni, ya ce, "To."

Mun fara aiki bayan an gama yankan dawa. Kowace safiya ni da Kawu mukan fito da gadon igiyar Baba mu ajiye shi a inuwa, inda zai riƙa ganinmu. Injin bai ba mu wahala yadda na zata ba. Muka sauke kansa muka wanke, muka sake zobba, muka gyara birki, muka samo tayoyi. Kawu yana aiki yana tsokana. Tun da na dawo ya daina kirana da sunan da ya saba, ya koma kirana Bashmuhandis, yadda Larabawan birni ke kiran babban injiniya.

"Bashmuhandis, miƙo mini sifana mai lamba goma sha uku. Ko sai an rubuto maka takarda?"

Da muka iso kan hanyar mai, sai muka tarar da ɓarna ta gaske. Tankin yana ƙarƙashin kujerar direba, kuma tsatsa ta ci gindinsa har haske yana ratsawa ta wurare uku. Ɓeraye sun cinye robobin. Famfon da ke jawo mai zuwa inji, irin na dā ne wanda injin da kansa ke motsawa, mai ɗan kofin gilashi a ƙasansa da ɗan hannu na bugawa a gefe. Fatar da ke cikinsa ta bushe ta tsage. Kafireton kuwa, inda mai ke haɗuwa da iska, tsohon fetur ya daskare a cikinsa kamar ƙaro.

Kawu ya ƙwanƙwasa tankin da sifana ya ce, "Wannan aikin kwana uku ne. Mu zuba tsakuwa da kananzir mu girgiza, mu kai wa mai walda ya liƙe ramukan, mu yanka sabuwar fata mu sa wa famfon. Halas, shi ke nan. Juma'a mai zuwa babanka yana gaban yayarsa."

Na ce a'a. Na ce faci ba gyara ba ne, kuma ba zan ɗora mahaifina a kan tanki mai ramuka uku ba. Wannan magana gaskiya ce, kuma har yau ban janye ta ba. Sai dai akwai wata a bayanta wadda ban faɗa ba: ina so in nuna abin da aka koya mini. Na zauna na zana sabon tanki da awo da lissafi, na shiga motar haya zuwa birnin Sinnar na kai wa wani maƙerin zamani a unguwar makanikai. Ya duba zanen ya juya shi, ya ce:

"Ina ƙusar gindi?"

Na ce babu. Na ce duk rami a gindin tanki wurin yoyo ne, kuma nan ne tsatsa ke farawa.

"Ƙauye za ta zauna ko birni?"

"Ƙauye."

Ya dube ni ta saman tabarau, ya ɗaga kafaɗa ya ce, "Tankinka ne."

Na sayi bututun jan ƙarfe maimakon roba. Na sayi matatun mai na takarda guda biyu, ɗaya kusa da tanki, ɗaya kusa da inji. Na yanke shawarar jefar da tsohon famfon in sa na lantarki, wanda batir ke turawa. Ba a same shi a Sinnar ba, sai da aka aika Hartum. Wanda ya fara zuwa ƙarfinsa ya yi wa kafireton yawa, aka mayar, aka jira wani. Mako ukun da na ɗiba wa aikin suka zama bakwai. Zafin bazara ya sauko, har ƙarfe ba ya taɓuwa da tsakar rana. Gwaggo takan sa a kira, ta tambaya ko mun sa rana.

"An kusa, Gwaggo. Saura abu ɗaya."

"Kullum saura abu ɗaya. Ni ma saura mini abu ɗaya, ɗan nan."

Ranar da muka ɗaga kujerar direba don mu zaunar da sabon tankin, na ci karo da gwangwanin a maƙale a bayan kujerar. A ciki akwai mazurarin, akwai hular. Ba ja ba ce kuma. Ta yi baƙi ƙirin, ta ƙandare, asu ya ci bakinta, tana warin tsohon mai. Kawu ya karɓe ta da hannu biyu.

"Allahu akbar. Ga injin na gaskiya. Wallahi wannan hula ita ke tafiyar da motar nan. Shekara goma sha ɗaya ina riƙe mazurari, ko sau ɗaya ba mu kwana a hanya ba. Albarkar kakanka ce."

Da ya ce mini tacewa take yi, da na tsaya na yi tunani, ko da zan ce matatuna biyu sun fi ta. Amma albarka ya ce. Ni kuwa a lokacin sabon dawowa ne, mai zafin kai a kan duk abin da ya yi kama da camfi, kuma tun ina yaro abin yana sosa mini rai, yadda mutane ke cewa mahaifina yana shayar da motarsa ta hular mamaci, yana kuma zuba wa ƙasa rabonta kowace safiya. Na ga dama ta samu ta wanke sunansa. Na ce wa Kawu mota ƙarfe ce, da mai da iska da wuta take tafiya, albarka kuwa wurin Allah ake nemanta, ba a cikin tsumma ba.

"To, malam ya yi fatawa," in ji Kawu. "Ajiye ta dai, ba ta ci maka tuwo ba."

Ban ajiye ba. Da yamma na tara tsummokaran aiki da ruɓaɓɓun robobi a ramin shara na cinna musu wuta, na jefa hular a kai. Ta kama nan take. Baba yana kan gadonsa, taku goma daga wurin. Na ji ya yi wani irin gurnani da ban taɓa ji daga bakinsa ba, na waiwaya na gan shi yana bugun kansa da tafin hannun hagu, yana bugawa, yana bugawa. Inna ta fito da gudu. Ta ce hayaƙin ne ya tayar masa da ciwon kai, ta yi mini faɗa a kan ƙona shara kusa da marar lafiya, ta jiƙa ƙyalle ta ɗaura masa a goshi. Muka mayar da shi ɗaki. Kwana biyu ya ƙi yarda a fito da shi.

Famfon ya iso. Na haɗa komai da hannuna, na bi kowace mahaɗa sau biyu. Na je gidan mai na bakin kwalta na ciko jarka biyu da fetur mai tsabta, na zuba, na murɗa makulli. Famfon ya yi ɗan ƙaransa kamar agogo, injin ya yi tari sau biyu, ya kama. Mata suka yi guɗa daga cikin gidaje. Tsofaffi suka fito suna cewa sun gane muryarta tun daga masallaci. Baba ya rufe ido yana saurare, kuma na ga gefen bakinsa mai rai ya motsa. Wannan ita ce rana mafi daɗi da na yi a shekarar.

Kawu ya ce mu tafi gobe. Na ce a ba ni kwana huɗu in gwada ta sosai, in daidaita kafireto, in kafa katako a baya inda katifar Baba za ta zauna ba tare da girgiza ba. Na yi ta zagaya gonaki da ita safe da yamma, har man da na sayo ya kusa ƙarewa. A kwana na uku hadari ya taso daga kudu. Aka yi ruwa kwana biyu ba ƙaƙƙautawa, irin wanda manoma suka yi ta roƙo.

A safiyar da ruwan ya ɗauke, ɗan Gwaggo ya kira. Ya ce zazzaɓi ya kama ta tun shekaranjiya, ta daina cin abinci, kuma ba ta kiran kowa sai ƙanenta. Ya ce in za mu zo, yau ne.

Daga ƙofarmu zuwa kwalta tafiyar sa'a guda ce da rani. Daga kwalta zuwa Sinnar, zuwa Mai Wurno, zuwa ƙauyen Gwaggo, wata sa'a biyu. Na lissafa za mu isa kafin azahar. Abin da ke cikin tanki ba zai kai mu kwalta a cikin laka ba, saboda haka na tuƙa motar zuwa shagon mai sayar da fetur ga masu injinan ban-ruwa, wanda gangarsa ke tsaye a waje, a gefen shago, kamar yadda take tun ina yaro. Ruwa ya taru a kan murfinta. Man ya yi ƙasa, sai da muka karkata ta kafin jarka ta cika.

Mun riga mun kwantar da Baba a baya, Inna tana zaune kusa da kansa, an sa masa farar rigarsa ta Idi. Na ɗaga kujera, na kafa mazurari, na fara zubawa. Da jin ƙarar man yana sauka, Baba ya fara wannan gurnanin. Ya ɗaga hannu yana bugun kansa. Inna ta kama hannun ta riƙe a cinyarta tana cewa, "Yi haƙuri, Malam, yanzu za mu tafi, yanzu za ka gan ta."

Kawu ya ce a hankali, "Da hular tana nan…"

"Kawu, don Allah. Ba yau ba."

Na zuba jarkar duka.

Motar ta yi abin da aka san ta da shi. Ta bi gaɓar babbar magudanar ruwa tana watsa laka hagu da dama, tana zamewa tana kama kanta, ta ratsa wuraren da jaki zai tsaya. Kawu ya fara waƙe-waƙensu na hanya, yana waiwaye yana cewa, "Yaya, ka ji ta? Tsohuwa ba ta manta ba!" Mun ci fiye da rabin tafiyar zuwa kwalta sai injin ya yi tari. Ya kama, ya sake tari, ya yi jijjiga, ya mutu. Babu gari a gabanmu, babu a bayanmu, sai gonaki da ruwa kwance a cikinsu.

Na ɓata sa'a guda ina neman laifin a inda ba ya nan. Na kwance fulogai na goge, na bi wayoyi, na busar da duk abin da na zata laka ta jiƙa. Bayan kowane gwaji sai in murɗa makulli, injin ya juya ya ƙi kamawa. Ban duba hanyar mai ba, domin sabuwa ce tun daga tanki har kafireto, kuma ni na haɗa ta. Sai da dabara ta ƙare mini na kwance bututun da ke shiga kafireto, na karɓi kofin shayin gilashi daga kwandon Inna, na tara. Na ɗaga shi a rana. Abin da ke ciki ya rabu gida biyu: fetur a sama, siriri kamar faɗin yatsa, sauran duka ruwa.

Kawu ya dubi kofin. Ya tuɓe rigarsa, ya ɗauki sifana, ya kwanta a cikin lakar ya shige ƙarƙashin motar, kamar yadda ya ga ana yi shekara goma sha ɗaya. Na ji hannunsa yana lalube a gindin tankin, daga wannan kusurwa zuwa waccan. Can sai muryarsa ta fito, babu tsokana a cikinta:

"Ɗana, ina ƙusar?"

Ruwa ya fi fetur nauyi, a gindin tanki yake kwanciya. Wannan na san shi tun ajin farko na jami'a, na amsa shi a jarrabawa. Da akwai ƙusa, da minti biyar ya ishe mu. Da tsohon famfon ne, da na ga ruwan a kofin gilashinsa tun a ƙofar shago. Muka koma zuƙo man da guntun roba da baki muna tarawa a buta, mu jira ya kwanta, mu tsiyaye na sama. Muka gwada tacewa da rawanin Kawu, amma auduga ba ta hana ruwa wucewa. Matatun takarda biyu sun sha ruwa sun kumbura, na cire su na haɗa bututun kai tsaye. Da muka gama duk wannan, na murɗa makulli, sai batir ya yi ɗan ƙara ya yi shiru. Na cinye shi a sa'ar farko. Motar tana da ƙarfen tayarwa na hannu, Kawu ya juya shi har numfashinsa ya sarƙe, amma famfon lantarki ba ya jawo mai in babu wuta, kuma ɗan hannun bugawa yana can gida a jikin famfon da na jefar.

Rana ta take. Inna ta ɗaura zanenta a kan ƙarafan baya ta yi wa Baba inuwa, tana yi masa fifita da murfin kwando. Shi ya daina gurnani tun da injin ya mutu. Idonsa yana kan rufin motar.

Mun idar da sallar azahar ke nan a kan gaɓa wayata ta yi ƙara. Ɗan Gwaggo ne. Ya ce sau biyu ta sa a yi shiru, ta ce ta ji ƙarar mota. Ya ce ta cika ana kiran salla, kuma saboda zafi da laimar ƙasa ba za a jira ba, bayan la'asar za a kai ta.

Na kasa zuwa bayan motar. Kawu ne ya je, da laka har gemunsa, ya durƙusa ya kama hannun Baba na hagu ya ce, "Yaya, sai haƙuri. Allah ya yi wa Gwaggo cikawa." Inna ta rufe fuska da mayafi. Na jira in ji gurnanin nan, ban ji ba. Bayan wani lokaci Baba ya ce, "To."

Gab da la'asar wani dattijo ya biyo gaɓar a kan tarakta, zai duba gonarsa. Ya tsaya, ya gane motar kafin ya gane mu. Ya leƙa baya ya gaida Baba da girmamawa, ya yi mana ta'aziyya, sannan ya ga kofin shayin a kan bonet. Ya ɗaga shi.

"Man ganga da damina, ba a tace ba? Ina hular?"

Kawu ya ce an rasa ta, albarkar ta tafi.

"Wace albarka, bawan Allah? Gashi ne. Dara da gashin tumaki ake yin ta, a daka shi har ya haɗe. In ta jiƙu da banzin, fetur ke nan, banzin ya wuce, ruwa ya tsaya a ciki ƙwaya-ƙwaya, sai ka kakkaɓe. Abin da ya tsere mata kuma ya kwanta a gindi cikin dare, da safe ka kwance ƙusa ya fita. Ai wannan da ke kwance shi ya nuna mini. Ni da guntun bargon sirdi nake yi." Ya sa hannu a ƙarƙashin kujerarsa ya zaro wani baƙin tsumma ya nuna mana.

Kawu ya zauna a kan taya. Ya ce, "Shekara goma sha ɗaya ina ganin yana kakkaɓe ta. Na zaci ladabi yake yi wa tsoho."

Dattijon ya ɗaura mana igiya ya ja mu. Ya tambaya gaba ko baya. Jikin Baba ya yi zafi saboda ranar da ya sha, kuma ko mun je ba za mu tarar da komai ba sai ƙasa sabuwa. Inna ta ce baya.

Gyaran ya ɗauke ni kwana tara. Na sauke tankin na kai Sinnar, maƙerin ya huda gindinsa ya sa ƙusa, bai tuna mini da maganarsa ba. Na tono tsohon famfon daga tarkace, na yanka masa sabuwar fata, na wanke kofin gilashinsa, na mayar da shi mazauninsa. A kasuwa na sami mai ɗinkin sirdi ya yanko mini gashi dakakke faɗin tafi biyu. Da na dawo, na ɗebo fetur daga wannan gangar dai, na zauna a gaban gadon Baba na zuba ta cikin gashin a hankali. Da man ya gama wucewa, ga ruwan nan a kwance, ƙwayoyi masu sheƙi, sun kai cikin cokali. Na miƙa masa kusa da fuskarsa. Na ce, "Baba, na gani. Ka yafe mini."

Ya daɗe yana duban ƙwayoyin. Ya sa yatsa ya taɓa ɗaya ta fashe. Sannan ya juyar da fuskarsa wajen bango.

Da za a yi sadakar arba'in muka ce za mu kai shi, ko kabarin ya dafa. Da muka zo ɗaukarsa sai ya damƙe ƙafar gadon da hannun hagu, ya rufe ido. Muka bar shi da maƙwabciya muka tafi mu uku. Motar ba ta yi tari ko sau ɗaya ba, zuwa da dawowa. A can ɗan Gwaggo ya ba Inna wata 'yar kwalba ta man riɗi da aka dafa da kanumfari. Ya ce tun ranar da na yi alkawari ta sa aka haɗa mata shi, tana ajiye da shi a ƙarƙashin matashinta, don ta shafa wa ƙanenta a hannun da ya mutu. Inna ta riƙa shafa masa kowace safiya. Kwalbar ba ta ƙare ba ya rasu, kafin a fara tsinkar auduga. Maƙabartarmu tana bayan gari, a kafaɗa aka kai shi. Ba a buƙaci mota ba.

Rani ɗaya. Hula ɗaya. Sa'a shida a kan gaɓa. Gwaggo. Baba.